Kafin Mu Kwance Lalita: Tsohon Cifset Ko Sabo?

Duk wanda ya kwana a ɗakunan ɗalibai na wannan jami'a cikin 'yan watannin nan ya san gardamar dare ta sake salo. A da, in an idar da sallar lisha an baje tabarma a bakin ɗaki, zancen ƙwallo a ke yi ko na yajin aikin malamai. Yanzu kuwa sai ka tarar da samari biyar sun yi da'ira a kan wayar mutum ɗaya suna musu a kan waɗansu haruffa da lambobi, wannan ya ce B550, wancan ya ce B650, na gefe ya rantse in ba X870 ba gara ya haƙura. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Ɗaliban zanen gine-gine da na injiniya da na kimiyyar kwamfuta sun gano cewa kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, wadda batirinta ya daɗe da mutuwa, ba za ta ɗauki aikin shekarar ƙarshe ba, sun kuma ji labari cewa in mutum ya sayi kayan kwamfutar tebur ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa da kansa, ya kan sami ƙarfi mai yawa da kuɗi kaɗan. Haka nan yayyenmu da su ka fara aikin gwamnati, waɗanda ke neman abin da za su riƙa taɓa ɗan aikin zane ko na lissafi a gida bayan an tashi daga ofis.

Mun ga ya dace mu sa baki cikin wannan gardama a shafin mujallarmu, domin al'amarin ya wuce hira. Tun da aka saki Naira ta bi kasuwa a watan Yuni na 2023, dala ɗaya da gwamnati ke lissafawa a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura Naira 1,500 cikin shekarar 2024, alhali kuwa kayan cikin kwamfuta daga waje a ke shigo da su, da dala a ke kuma yi musu kuɗi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 Naira 70,000 ne, ɗalibin da ya sami rancen karatu na gwamnatin tarayya kuwa an yanka masa Naira 20,000 a wata ta ɗawainiya. Wanda ke cikin irin wannan hali, in ya yi kuskuren saye, ba gobe zai gyara ba. Sau da yawa ma kuɗin ba nasa ba ne, mahaifiya ce ta sayar da tunkiyar da ta ke kiwo, ko yaya ya ɗauki adashe ya miƙo.

Ra'ayinmu, tun kafin mu yi nisa, shi ne cewa ga mafi yawanmu cifset na tsaka-tsaki wanda ya ɗan kwana biyu a kasuwa ya fi na yayi amfani, muddin mun san inda tsufa ya ke daina zama araha ya koma asara. Za mu kawo hujjojinmu, za mu kuma kawo na waɗanda ba su yarda da mu ba, don suna da abin faɗa.

Da farko dai bari mu san abin da mu ke musu a kansa, don da yawa cikinmu sun haddace lambobin ba su taɓa tambayar aikin abin ba. Uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, ita ce faffaɗan allon da a ke dasa kome a kansa: furosesa, watau ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ram, da ma'ajiyar bayanai, da katin hoto. Cifset kuwa ɗan ƙaramin guntu ne da aka manne a jikin allon, ba ya ciruwa, galibi yana ɓoye a ƙarƙashin wani faifan ƙarfe a ƙasan allon. In furosesa shi ne mai gida, to cifset sarkin gida ne. Shi ke yi wa baƙi iso, watau kafofin USB da na tsofaffin faifan ajiya da na sauti da na intanet, ya tattara saƙonsu ya shigar wa mai gida ta ƙofa ɗaya.

A zamanin da, sarkin gida na da iko ƙwarai. Guntu biyu ne a kan allo, ana kiran ɗaya gadar arewa ɗaya gadar kudu, kuma ta gadar arewa furosesa ke bi kafin ya isa ga ram. Saboda haka a wancan lokaci cifset mai kyau ya kan ƙara wa kwamfuta sauri a zahiri. Amma a shekarar 2003 kamfanin AMD ya ɗauke aikin kula da ram ya shigar da shi cikin furosesa na Athlon 64, kamfanin Intel ya bi sahu a 2008 da Core i7 na farko, daga baya hanyar katin hoto ita ma ta koma can. Abin da ya rage wa cifset a yau shi ne aikin gadar kudu. Ma'anar wannan a fili ta ke: in ka ɗauki furosesa ɗaya ka dasa shi a kan allo mai cifset na tsaka-tsaki, sa'an nan ka cire ka dasa a kan mai tsada, lissafin da zai yi maka kusan ɗaya ne, in dai allon na iya ba shi wutar da ya ke bukata. Wanda ya sayi cifset mai tsada don kwamfutarsa ta yi gudu, ya yi wa sarkin gida alkyabba ne ya bar mai gida da tsumma.

Abu uku cifset ke yanke wa hukunci. Shi ke faɗin waɗanne furosesa allon zai karɓa, tare da gurbin da a ke dasa su. Shi ke faɗin yawan kafofi da saurin hanyoyin da ke tsakaninsu. Shi ne kuma ke ba da izini ko ya hana a tilasta wa furosesa gudu fiye da ƙa'idarsa. Harafin farko na sunansa ke nuna matsayinsa. A wajen AMD, A shi ne na ƙasa, B na tsakiya, X na sama. A wajen Intel kuwa allunan da mu ka fi gani su ne H610 a ƙasa, B a tsakiya, Z a sama. Lambar da ke biye da harafin ita ke nuna zubi.

To, me ya sa mu ke ganin girman tsohon zubi? Babbar hujjarmu ita ce tarihin gurbin AM4 na kamfanin AMD. Furosesan Ryzen na farko sun fito a watan Maris na 2017 tare da cifset A320 da B350 da X370. A 2018 aka kawo B450 da X470, a 2019 X570, a 2020 kuma B550 da A520, duk a kan gurbi ɗaya. Da Ryzen zubin 5000 ya kusa fitowa a 2020, kamfanin ya fara sanar da cewa allunan B450 da X470 ba za su ɗauke shi ba. Masu saye su ka yi ca, bai jima ba ya janye maganarsa. A 2022 ma ya buɗe ƙofa ga allunan 2017, ta hanyar sabunta BIOS, watau ɗan shirin da ke cikin allo wanda ke tayar da kwamfuta kafin kome ya tashi. Har a shekarar 2024 an ci gaba da fito da sababbin furosesa na wannan gurbi. Ke nan wanda ya sayi allon B450 a 2018 ya iya dasa masa furosesan da ya fito bayan shekara shida. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, kuma a nan maganar ta tabbata.

Amfanin wannan gare mu shi ne yalwa. Gurbin da ya shekara takwas ana yi masa kaya, kayansa sun cika kasuwa, sababbi da na hannu, daga Legas har Kano. In ram ya lalace za ka sami madadinsa, in furosesa ya yi maka kaɗan za ka sami na gaba da shi a wajen wanda ya ƙara girma ya sayar, mai gyaran unguwarku kuma ya riga ya san halinsa. Ga wanda ba shi da halin aikawa da kaya ƙasar waje a canza masa, wannan yalwa ita ce garantinsa.

Mai shago zai ce maka sabon allo na da hanyar PCIe zubi na 5, naka kuwa na 3 ne ko na 4. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Kowane zubi na wannan hanya yana ninka saurin na bayansa. Ma'ajiyar SSD ta zamani a kan zubi na 3 ta kan karanta kimanin megabait 3,500 a daƙiƙa, a kan na 4 kimanin 7,000, a kan na 5 har ta kusa 14,000. Lambobin na da ban sha'awa a jikin kwali. Amma tsohon faifai mai juyawa wanda yawancinmu mu ka taso da shi bai fi 100 zuwa 200 ba. Tsallen da ido ke gani shi ne daga wannan faifai zuwa kowace irin SSD. Nan ne kwamfutar da ke ɗaukar minti biyu kafin ta tashi ke komawa tashi kafin ka gyara zama. Daga 3,500 zuwa 14,000 kuwa, mai rubuta kundin digiri ko mai lissafin albashi a Excel ba zai ji bambancin da ya taka kara ya karya ba. Mai jin sa shi ne wanda ke kwashe manya-manyan fina-finai daga ma'ajiya zuwa ma'ajiya kullum. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, mu nawa ne ke wannan sana'a?

Akwai ma wani abu da ba kowane mai shago ya sani ba. Da yawa cikinmu, don guje wa kuɗin katin hoto, mu kan zaɓi Ryzen 5 5600G, wanda ya fito kasuwa a 2021 da sashen hoto a cikinsa. Wannan furosesa iyakarsa PCIe zubi na 3, ko da a kan wane allo aka dasa shi. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi ya sayi B550 don ya sami zubi na 4, sa'an nan ya dasa 5600G, ya biya kuɗin titin da motarsa ba za ta hau ba, sai fa in yana da niyyar canza furosesa nan gaba. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a sayen allo shi kaɗai. Furosesa a ke fara zaɓa bisa ga aikin da za a yi, sa'an nan a nemo masa allon da ya dace da shi.

Daɗin daɗawa, sabon suna ba kullum ya ke nufin sabon kaya ba. A gurbin AM5, wanda ya fito a watan Satumba na 2022, cifset B650 guntu ɗaya ne, X670 kuwa irin wannan guntun ne guda biyu aka haɗa don a sami ƙarin kafofi. Da aka fito da X870 a 2024 da B850 a farkon 2025, wannan guntu dai shi ne a cikinsu. Abin da aka canza shi ne sharuɗɗan da aka gindaya wa masu ƙera allo, kamar dole X870 ya zo da kafar USB4, dole B850 ya ba ma'ajiya hanyar zubi na 5. Ba mu ce waɗannan ba su da amfani ba. Amma ɗalibin da ya raina B650 don lambarsa ta fara da shida, ya je ya ci bashi don ya sayi mai takwas, ya sani cewa ba cinya ba ce, ƙafar baya ce.

Kada wani ya ɗauka muna cewa duk abin da ya tsufa a rungume shi. Araha ba ta ado, kuma tsufa na da iyaka. Iyakar a yau a sarari ta ke. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a 2021, yana neman matakin tsaro da a ke kira TPM 2.0, kuma a hukumance ba ya karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na 8, ko Ryzen na farko na 2017. Kasuwanninmu cike su ke da kwamfutocin ofis na gwanjo masu Core i5 da Core i7 zubi na 3 da na 4 da na 6, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka su ka sallama saboda wannan dalili da makamantansa. Mai saye ya kan ga an rubuta i7 ya yi murna, bai tambayi zubi ba. Lalle akwai dabarun da a ke bi a cusa Windows 11 a kan irin waɗannan, amma ba da amincewar mai shi ba, kuma babu tabbacin sabuntawa za ta ci gaba da zuwa. Wanda ya iya Linux, irin su Ubuntu ko Mint, zai mori irin wannan kwamfuta shekaru da yawa, muna kuma ƙarfafa wa ɗaliban kimiyyar kwamfuta gwiwa su koya. Amma wanda darasinsa ya dogara ga shirye-shiryen zane da ba su tashi sai a Windows, kada ya gina sabon gida a kan wannan tsohon tushe.

Haɗari na biyu na tsohon zubi mun gan shi da idonmu. Wani abokin karatunmu ya tara kuɗi wata bakwai, ya sayo allon B450 sabo fil a kwalinsa tare da furosesa zubin 5000. Mu ka taru a ɗakinsa aka harhaɗa, aka danna maɓalli, fanka ta juya, allon kallo ya ƙi nuna kome. Mu ka cire ram mu ka mayar, mu ka canza waya, har asuba babu labari. Ashe allon ya daɗe a ajiye, BIOS ɗin da ke cikinsa ya girmi furosesan, bai san shi ba. Sai da aka yi kwana huɗu ana neman aron tsohon furosesa kafin a tayar da allon a sabunta shi, sa'an nan mu ka jira daren da mu ka tabbata wuta za ta zauna, mu ka kuma aro UPS, don in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta BIOS allon na iya mutuwa ke nan. An dace, kwamfutar na aiki har yau. Amma da ya san ya tambaya, da ya sa an dasa an tayar a gabansa kafin ya biya, ko ya nemi allo mai ɗan maɓalli a baya wanda ke sabunta BIOS daga filashi ba tare da furosesa ba. Gani ya kori ji.

Allon hannu kuwa haɗarinsa ya fi haka, don ba ka san irin wahalar da ya sha a gidan farko ba. A gurbin Intel, da na AM5, siraran ƙafafuwan da ke taɓa furosesa a jikin allo su ke, in ɗaya ta lanƙwashe ta isa ta kashe ramin ram guda ko ta hana tashi ɗungum. Furosesa da ram ba su cika lalacewa ba, ana iya sayensu na hannu in an gwada. Allo da akwatin wuta kuwa, in da hali a saya sababbi.

Yanzu bari mu saurari masu goyon bayan sabon zubi, don hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa gurbin AM4 ya zo ƙarshen hanya, wanda ya shige shi yau ya shiga gidan da ba za a ƙara masa ɗaki ba. Haka gurbin LGA 1700 na Intel, wanda ya fito a 2021 ya ɗauki zubi na 12 da na 13 da na 14, an rufe shi tun da LGA 1851 ya fito a watan Oktoba na 2024. AM5 kuwa kamfaninsa ya yi alkawari a 2024 zai riƙe shi har 2027 ko fiye. Suna cewa kuma AM4 ram ɗin DDR4 ya ke ci, kuma manyan masu ƙera ram sun fara janye hannu daga DDR4 a 2025, har farashinsa ya tashi maimakon ya sauka. Bugu da ƙari, kusan duk furosesan AM5 na zuwa da ɗan sashen hoto a ciki, wanda ya isa aikin ofis. Duk wannan gaskiya ne, kuma saboda shi ne mu ke cewa ma'aikacin da ke da albashi a hannu, wanda zai iya haƙurin ƙarin wata biyu ko uku yana tari, ya shiga AM5.

Sai dai mu lura da abu biyu. Na ɗaya, shiga sabon gurbi ba ya nufin sayen cifset na ƙoli. B650 na ɗaukar Ryzen zubin 7000, yana kuma ɗaukar zubin 9000 na 2024 bayan an sabunta BIOS, ke nan gaben da a ke faɗa ya same shi daidai da mai X870E. Na biyu, sabon gurbi ba ya zuwa shi kaɗai. AM5 da LGA 1851 ba su cin kome sai DDR5, kuma a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da masana'antu ke fitarwa. Wanda ke da DDR4 a tsohuwar kwamfutarsa, ko zai samu a hannun aboki, yana riƙe da dukiya. In ya koma sabon gurbi ya zubar da ita. A nan LGA 1700 ke da wata fa'ida, don allunansa irin su B660 da B760 ana yin su iri biyu, masu cin DDR4 da masu cin DDR5, sai dai allo ɗaya ba ya cin duka biyun, tilas a karanta kwali. Wanda zai dasa manyan furosesan zubi na 13 ko na 14 kuma ya tabbata an sabunta BIOS, don a 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa waɗansunsu na lalacewa saboda yawan ƙarfin wuta, ta hanyar BIOS ya kuma raba gyaran.

Game da zancen gobe kuwa, mu yi wa kanmu adalci. Mu nawa ne za mu buɗe kwamfuta bayan shekara biyu mu canza furosesa? Yawancinmu in mu ka gama karatu hidimar ƙasa ce a gaba, sa'an nan neman aiki, sa'an nan ɗawainiyar ƙanne da ta aure. Kwamfutar za ta zauna yadda aka harhaɗa ta har ta tsufa, iyaka a ƙara mata ram ko ma'ajiya. Biyan kuɗi mai yawa yau saboda canjin da mai yiwuwa ba za a yi ba, alhali ram ɗin da za ka yi aikin gobe da safe bai ishe ka ba, kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Mun san wani da ya zuba rabin kuɗinsa a allo mai fitilu kala-kala, ya ƙare da ram gigabait 8 da tsohon faifai mai juyawa. In ya buɗe zanen gini sai ya tafi ya sha shayi ya dawo. Maƙwabcinsa mai allon da bai kai rabin kuɗin nasa ba, da gigabait 16 da SSD, ya kan gama aiki ya kwanta shi yana jira.

Akwai kuma abin da masu rubutu a ƙasashen sanyi ba su damu da shi ba, mu kuwa dole mu damu. Su ba su san zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ba, lokacin da ma'auni ke kai digiri 40, ba su kuma san ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina ba. A gefen gurbin furosesa akwai jerin ƙananan sassa masu tace wutar da ya ke ci, su ne ke ɗaukar zafi in aiki ya yi nauyi. Allo biyu na iya zuwa da cifset iri ɗaya, ɗaya an rufe waɗannan sassa da ƙarfen sanyaya ɗaya an bar su tsirara, kuma a ɗakin da babu na'urar sanyi wannan bambanci ya fi lambar cifset muhimmanci. Yawancin allunan X570 na farko sun zo da 'yar fanka a kan cifset ɗin kansa, abin da B550 bai bukata. A ƙasar ƙura kuwa kowace ƙaramar fanka abin toshewa ce. Sa'an nan ga wutar lantarki da ke zuwa ta ɗauke, ta dawo da ƙarfin da ba a gayyata ba. Kuɗin da za a ƙara don tsallakawa daga B zuwa X ko Z, in aka sa shi a akwatin wuta na kirki da UPS, shi zai tsare dukiyar duka.

Saboda haka ga shawararmu. Ɗalibin da kuɗinsa ƙididdigagge ne, aikinsa rubutu da lissafi da koyon shirya manhaja da ɗan zane, ya tsaya a AM4 da B450 ko B550, ko a LGA 1700 da B660 ko B760, ya sa ram bai gaza gigabait 16 ba a sanda biyu, ya sa SSD. A520 da H610 ma za su yi in lalita ta yi ƙunci, amma ya sani yawancinsu ramin ram biyu gare su, kafofinsu kuma kaɗan ne. Wanda ke da hali kuma ya tabbata zai ƙara girma, ya shiga AM5 ta ƙofar B650, ko B850 in farashinsu ya yi kusa. X da Z a bar wa wanda zai iya lissafa da yatsunsa kafofin da ya ke bukata waɗanda B ba shi da su. Kowa kuma, kafin ya biya, ya buɗe shafin kamfanin da ya ƙera allon ya duba ko sunan furosesansa na cikin jerin waɗanda allon ke karɓa, ya sa a tayar a gabansa, ya karɓi rasiɗi mai lambar kayan.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai da na ƙungiyoyin sassa. Duk shekara a kan ware kuɗi daga harajin da mu ke biya don sayen kayan ofis, kuma duk lokacin da aka zo sayen kwamfuta a kan miƙa wa wanda bai san bambancin B da Z ba, ya tafi kasuwa ya dawo da abin da aka ɗora masa. Alhali kuwa a cikin jami'ar nan akwai ɗaruruwan ɗalibai da ke karanta wannan fanni. A kafa ɗan kwamiti daga cikinsu wanda zai duba kowane saye kafin a fitar da kuɗi, ya kuma riƙa zama rana ɗaya a wata a zauren ƙungiya, duk ɗalibin da ke shirin harhaɗa kwamfuta ya kawo jerin kayansa a duba masa kyauta. A ajiye tsohon furosesa guda da UPS a ofishin ƙungiya don masu bukatar sabunta BIOS, kada wani ya sake yin kwana huɗu yana yawon aro. Ba abu ne mai tsada ba, kuma zai tsare guzurin 'yan'uwanmu da yawa.

Iyayenmu da su ka sayar da amfanin gona su ka turo mu nan ba su san B550 ba, amma sun san ba a sayen doki don kyan sirdinsa. In mu da mu ka zo neman ilmi za mu shiga kasuwa lamba ta ruɗe mu, to wane amfani karatun ya yi mana? Daidai ruwa, daidai tsaki. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma sa albarka a cikin ɗan abin da mu ka tara.